Harsasaina suna bajewa a takardar bara: laifin matokarin da ya yi sako-sako ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma nakan je filin koyon harbi a ƙarshen mako. Bindigata ta farauta ce mai sakata, .308 Winchester, ƙotarta ta roba, da madubin saiti a kanta. Daga teburin kankare nake harbi, nisan yadi 100, gaban bindigar yana kan matokari mai ƙafa biyu da ke maƙale a ƙusar maratayi. Wata rana harsashi uku su taru cikin inci ɗaya, wata rana su baje har inci uku, alhali harsasan iri ɗaya ne. Na lura matokarin yana girgiɗi in na taɓa shi. Shi ne matsalar? In sayi sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna, ɗan'uwa. Matokarin yana cikin waɗanda ake tuhuma, amma girgiɗin da ka ji da hannunka bai isa hujja ba, domin akwai matokarai masu tsada da aka ƙera su da ɗan wasa tun daga masana'anta, kuma ana cin gasa da su. Sa'ar da ka yi ita ce, a duk abubuwan da ke iya baje harsashi, shi ne mafi sauƙin wankewa ko kamawa da laifi. Noti ɗaya za ka kwance ka ajiye shi gefe. Zan zo kan yadda za ka yi wannan gwajin, amma sai ka fara fahimtar abin da kake nema.

Kafin ka taɓa kowane noti, cire gidan harsasai, zare sakata gaba ɗaya, ka leƙa mazaunin harsashi da idonka. Duk binciken da zan faɗa na hannu, a kan bindiga marar komai a ciki ake yin sa.

Masu harbi suna auna daidaito da mintin kusurwa, wanda ake taƙaitawa MOA. Minti ɗaya inci 1.047 ne a nisan yadi 100, ko kimanin santimita 2.9 a mita 100. Tsakanin matokarinka da inda gindin bindiga yake zaune akwai kamar santimita 70. A wannan ɗan tazarar, minti ɗaya bai wuce milimita 0.2 ba, kaurin fallen takarda biyu ke nan. Ma'ana, in gaban bindiga ya gusa da kaurin takarda biyu, harsashi ya kauce inci guda a takardar bara. Amma ba kowane motsi ne ke cutarwa ba. Wanda ya faru kafin ka danna kunama, kana ganinsa a madubi, ka gyara. Mai cutarwa shi ne wanda ke faruwa daga sakin kunama zuwa fitar harsashi daga baki, lokacin da duka-duka bai fi kashi huɗu ko biyar cikin dubu na daƙiƙa ba. A cikin wannan ɗan lokacin bindiga ta riga ta fara ja da baya. Harsashin .308 mai nauyin giren 168 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) a bindiga mai kilo huɗu da rabi, kafin ya bar bututu, bindigar ta koma baya kamar milimita ɗaya da rabi. Bututun kuma yana karkarwa. In wannan ja da bayan da wannan karkarwar suna faruwa iri ɗaya a kowane harbi, harsasai za su taru. In sun bambanta, su baje. Saboda haka tambayar da za ka yi wa matokarinka ita ce: yana barin bindiga ta motsa iri ɗaya kullum ko kuwa?

Yanzu ɗora bindigar a kan matokarin, ka riƙe ƙota da hannu ɗaya, ka kama matokarin da ɗayan, ka duba takamaimai daga ina girgiɗin yake fitowa. Wurare uku ne, kuma hukuncinsu ya sha bamban.

In daga gaɓar ƙafafu ne, wato ƙafafun suna ɗan zuwa gaba da baya a inda suke naɗewa, wannan yawanci ba lalacewa ba ce. Matokarin Atlas, misali, an san shi da wannan ɗan wasan. Maganinsa shi ne ka ɗan jingina da kafaɗarka ka tura bindiga gaba har wasan ya ƙare, ƙafafun su yi tsayin daka, sannan ka harba. Samfurin Harris kuwa ƙafafunsa sifirin ne ke riƙe da su, wasansu kaɗan ne, ɗan turi kaɗan ya ishe shi. Abin lura a nan shi ne ƙarfin turin ya zama ɗaya a kowane harbi. Wanda ya danna da ƙarfi a harbin farko, ya saki jiki a na biyu, zai ga harsasai sun jeru sama da ƙasa, kuma laifin na kafaɗarsa ne.

In daga wurin karkata ne, wato bindigar tana faɗawa dama ko hagu a kan matokarin, akwai noti a bayansa na ƙara tauri, ka ɗaure shi har sai bindigar ta daina faɗuwa da kanta amma kana iya daidaita ta da hannu. Sai dai a yadi 100 karkata ba ta da wani babban tasiri. Digiri biyar, wanda ido yake gani sarai, bai fi rabin santimita da ɗoriya zai kautar da harsashin .308 ba. A yadi 600 ne wannan karkatar ke kai wa kusan ƙafa guda. Don haka ba ita ce ta ba ka inci uku ba.

Na uku shi ne wanda nake so ka tsaya a kansa: mahaɗar matokarin da ƙota. Irin naka yana da 'yan haƙora biyu da ke kama ramin ƙusar maratayi, sai noti a ƙasa ya ja sirdin matokarin ya manne da ƙota. Shurin bindiga yana sassauta wannan notin sannu a hankali. In ya yi sako-sako, sirdin yakan zauna a wuri dabam bayan kowane harbi, wani lokaci ya ɗan murɗe gefe, bindiga ta yi tsalle zuwa dama yanzu, anjima zuwa hagu. Wannan lalle yana baje harsasai. Ɗaure shi da yatsu har ya tsaya, ka ƙara kamar kwatan zagaye da sukundireba ko kwabo, ka tsaya a nan. Mutane da yawa sukan ce bari su ƙure shi don kada ya sake kwancewa, sai su jawo wa kansu abin da ya fi na da. Ƙusar maratayi a ƙotar roba sau da yawa a cikin robar kawai aka murɗa ta, in an ja ta da ƙarfi sai haƙoran su cinye, ƙusar kanta ta fara juyawa a raminta. A nan kome ka yi wa notin matokari ba zai ɗauru ba, don tushen ne ya kwance. Cire matokarin ka murɗa ƙusar da yatsa. In ta motsa, ka gano bakin zaren, kuma gyaranta shi ne a sa ƙusa mai noti ta ciki, ko a kafa ɗan layin ƙarfe na Picatinny da ƙusa biyu.

Amma in ka tambaye ni abin da na fi zato a bindiga irin taka, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙotar roba ta bindigogin farauta masu sauƙin kuɗi tana lanƙwasa a gaba. Yawancin bindigogin yanzu ana yin su ne bututu yana shawagi, bai taɓa ƙota ba daga gaban mazaunin harsashi har baki, don ya yi karkarwarsa ba tare da wani abu ya tare shi ba. Matokari kuwa a can kusa da ƙarshen ƙota ake maƙala shi, daidai inda ta fi rauni. Nauyin bindiga da na madubi da turin kafaɗarka duk a nan suke sauka, sai bakin ƙota ya ɗago ya taɓa bututu. Yau ya taɓa da ƙarfi, gobe ya shafa kawai, jibi bai taɓa ba.

Ga yadda za ka gani. Ɗauki takardar dala ɗaya, ka zagaya ta ƙarƙashin bututu, ka riƙe bakinta biyu, ka ja ta daga bakin ƙota zuwa baya. In ta wuce sumul, madalla, amma ba ka gama ba, domin kusan kowa yana yin wannan gwajin ne bindiga tana hannu, babu nauyi a kanta. Ɗora ta a kan matokari, ka shiga bayanta yadda kake yi in za ka harba, ka jingina, wani ya ja maka takardar. Ka ninka takardar biyu ko uku ma, don gibin da ya ishi falle ɗaya bai ishi bututu mai karkarwa ba. Sau da yawa sai ka ga takardar da ta wuce ɗazu ta cije a daidai bakin ƙota, ko a kan ƙusar maratayi da ta ɓullo ta ciki. In ka raba ƙarfen da ƙota ka duba kwarin da bututu ke kwanciya, za ka ga tabo mai sheƙi a robar, a ƙasan bututun kuma ɗan wurin da baƙin ya goge. Wannan tabon shaida ce da ba ta ƙarya. Ka dai sani akwai kamfanonin da da gangan suke barin ɗan tudu a bakin ƙota ya tokare siririn bututu. Bindiga irin wannan ta fi kowacce jin canjin abin da aka ɗora ta a kai, kuma kada ka kankare tudun kafin ka yi shawara da mai gyaran bindiga, don in ka cire shi ba ya dawowa.

Sai teburin kankare. Ƙafar ƙarfe mai ɗan takalmin roba a kan siminti, babu abin da zai shanye bugun, bindiga sai ta yi tsalle. Kuma a kan tebur mai santsi ba ka iya turawa gaba yadda ya kamata, ƙafafun zamewa suke yi. Shimfiɗa guntun kafet ko tawul mai kauri a ƙarƙashinsu. Ka rage tsawon ƙafafun iyakar yadda za ka iya, don doguwar ƙafa ta fi lanƙwasa. Ba ka ambaci abin da ke riƙe gindin bindigar ba. In kafaɗarka ce kaɗai, to rabin bindigar a iska take. Sa jakar yashi a ƙarƙashin gindin, hannunka na hagu yana matsa ta don ɗaga saiti ko sauke shi.

Akwai kuma maganar da ba a cika son ji ba. Harsashi uku ba sa faɗin gaskiyar bindiga. Lissafi ya nuna cewa ko da babu abin da ya canza, faɗin gungun harsashi uku yana hawa da sauka da fiye da kashi ɗaya cikin uku na matsakaicinsa. Bindigar da matsakaicinta inci biyu ne za ta ba ka inci ɗaya wata rana, ta ba ka uku wata rana, ba tare da noti ko ɗaya ya kwance ba. Muna riƙe ranar inci ɗaya a zuciya mu ce ita ce ainihin bindigar, sauran ranakun kuma mu shiga neman mai laifi. Shi ya sa mujallar American Rifleman take gwada bindiga da gungu biyar a jere, kowanne harsashi biyar, sannan ta fitar da matsakaici. Siririyar bindigar farauta da harsashin kanti da ke ba da inci ɗaya da rabi zuwa biyu a irin wannan awon ba ta da ciwon komai.

To ga gwajin. Sayi harsasai masu kyau na gasa, irin Federal Gold Medal Match mai giren 168, kwali biyu masu lambar zubi ɗaya, harsashi 40 ke nan. Zaɓi safiya marar iska, domin iskar gefe mai gudun mil 10 a awa tana tura wannan harsashin kusan sulusi biyu zuwa kwata uku na inci a yadi 100. In ka wanke bututu, fara harba biyu ko uku a gefe, don bututu mai tsabta da mai yakan jefa na farko wani wuri. Manna takardu biyu. Harba biyar a ta farko da matokarin a ɗaure da kyau. Bari bututu ya huce har ka iya riƙe shi da tafin hannu ba tare da jin zafi ba. Cire matokarin, ɗora ƙota a kan jakar yashi, jakar ta zauna kusa da gidan harsasai inda ƙota ke da ƙarfi, kuma bututu kada ya taɓa ta. Harba biyar a takarda ta biyu. Ka riƙa yin karɓa-karɓa haka har kowace takarda ta sami 15. Amfanin karɓa-karɓar shi ne kada zafi da gajiya da canjin iska su taru a kan ɓangare ɗaya. Kada ka taɓa saitin madubi a tsakani, kuma kada ka yafe wa kanka harsashin da ya fita daga gungu sai in ka san ka fizge tun kafin ka duba takarda.

In na jaka ya taru na matokari ya baje, matsalar tana gaba: mahaɗa, ko ƙota mai lanƙwasa, ko yadda kake jingina. In duka biyun sun taru amma tsakiyarsu ta bambanta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wannan ma yana nuna ƙota ko riƙo, kuma sai ka yi saitinka a kan abin da za ka yi farauta da shi. In duka biyun sun baje daidai wa daida, matokari ya fita, sai a duba wani wuri.

Wurin farko shi ne notukan da ke haɗa ƙarfen bindiga da ƙota, galibi biyu ne a ƙasa. Na biyu notukan gindin madubi da na zobbansa. A ganina sassaucin gindin madubi ya fi sassaucin matokari ɓarna nesa ba kusa ba, domin madubi shi ne idonka, in ya gusa ba ka da hanyar sani. Kuma yana ɓuya, tunda notukan gindin suna ƙarƙashin zobba, sai ka sauke madubin kafin ka kai gare su. Nemi sukundireba mai awon ƙarfin ɗauri. Murfin zobba yawanci tsakanin inci-fam 15 zuwa 18 ake ɗaure shi (inci-fam shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), wuce haka yana iya matse bututun madubi ya hana kayan cikinsa aiki. Notukan ƙota kuwa sun danganta da irinta: roba ko katako zalla sukan tsaya wajen 30 zuwa 40, mai ginshiƙan ƙarfe a ciki takan kai 55 zuwa 65. Adadin da kamfanin bindigarka ya rubuta shi za ka bi. A notukan gindin madubi ana iya ɗiga ruwan manne noti na Loctite, shuɗi, ban da ja, don ja sai da wuta yake kwancewa. Bayan ka ɗaure, ja ɗan layi da fensir a jikin madubi daidai bakin zobe, ka ga ko zai gusa bayan harbi 20.

Sannan ka gwada faralas, wato yadda saiti ke gusawa a kan bara in idonka ya canza wuri a bayan madubi. Kafa bindiga a kan jaka ba tare da ka taɓa ta ba, ka leƙa madubi, ka ɗan motsa kanka sama da ƙasa. In gicciyen saitin da ke cikin madubin yana yawo a kan takarda, to duk sanda kumatunka ya sauka a wani wuri dabam, harsashi zai bi. Madubin da ke da maɓalli a gefe, murɗa shi har gicciyen ya tsaya cak, kada ka dogara da lambobin da aka rubuta a jikinsa. In kana zargin madubin kansa ya lalace a ciki, aro wani wanda aka san lafiyarsa ka ɗora.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Siririn bututu yakan fara tafiya da harsashi in ya yi zafi, alamarsa ita ce ramukan suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya zuwa gefe guda, don haka ka riƙa rubuta lambar kowane rami. Zafin bututu yana tayar da kawalwalniya a gaban madubi, takarda ta riƙa rawa. Duba leɓen bakin bututu da gilashin ƙara girma ko akwai ɓantara. In akwai abin rage shuri a baki, tabbatar a ɗaure yake. Bambancin gudun harsashi kuwa kada ya dame ka a wannan nisan, bambancin ƙafa 30 a daƙiƙa ba ya kautar da harsashi ko da milimita biyu a yadi 100.

Saura kai kanka, kuma ba raini ba ne, kowa yana shiga wannan layin. Bindigar .308 marar nauyi tana da shuri, jiki kuma yakan koyi zabura kafin ƙarar ta zo. Ka ba abokinka ya loda maka, ya cakuɗa harsashin roba na atisaye a cikin na gaske ba tare da ka san inda yake ba. Sanda ka danna kunama a kan na roba, in bakin bindiga ya yi ƙasa ko idonka ya rufe, ka ga abin da ke faruwa a sauran harbin. Haɗa toshen kunne da murfin kunne yana rage wannan sosai. Ka kuma ba wani gwani a filin ya harba biyar da bindigarka. Canji ɗaya za ka riƙa yi a lokaci guda. Bakanike da ya canza fulogi da famfon mai da batir a zama ɗaya, ko motar ta tashi bai san abin da ya gyara ba.

Ba na so ka fita da tunanin cewa matokari abokin gaban daidaito ne. A gasar harbin nesa ta F-Class, wadda aka sa wa sunan George Farquharson ɗan Kanada, rukunin F-TR da matokari ake harbi, da .308 ko .223, har nisan yadi 1,000, inda da'irar tsakiya inci biyar ce kacal. Bambancinsu da kai shi ne ƙota mai tauri, mahaɗa ta ƙarfe, bindiga mai nauyin da doka ta yarda ya kai kilo 8.25, da riƙo iri ɗaya kowane harbi.

A bayanin da ka bayar, zatona ya fi karkata ga abu biyu da suka haɗu: bakin ƙota yana taɓa bututu in nauyi ya hau matokari, sannan gungun harsashi uku yana ƙara wa bambancin gishiri. In takardar dala ta cije, sabon matokari ko na dala ɗari uku ne ba zai canza komai ba, tunda a kan ƙotar nan za ka maƙala shi. Kuɗin ya fi amfani a wajen mai gyara ya faɗaɗa kwarin bututu ya ƙarfafa gaban ƙotar, ko ka sayi ƙota mai tauri. In takardar ta wuce, ƙusar ba ta motsi, notin ya ɗauru, amma har yanzu na jaka ya fi na matokari taruwa a fili bayan harsashi 15 kowanne, a nan ne sayen sabo yake da hujja, kuma ka zaɓi mai hawa kan layin ƙarfe maimakon ƙusa ɗaya.